Rahoto a Kan 'Yar Fari

Na fara aiki da Madam a farkon shekarun sittin, ina da shekara ashirin da biyu, bayan na gaji da koyar da 'yan aji ɗaya a wata firamare ta Lagos Town, wata unguwa a Accra. Ba sha'awar ilimin halayyar ɗan Adam ce ta kai ni ba, don ban ma san ana karanta irin wannan abu ba. Cewa aka yi ana neman mace mai jin Hausa da Ga da Twi da Turanci, wadda za ta shiga gidajen Zango, unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, ba a yi mata kallon baƙuwa ba. A unguwar Nima aka haife ni. Harsuna ukun farko a layin famfo na tsince su, na huɗun kuwa da bulala aka ɗura mini a makaranta. Na je, ta yi mini tambayoyi na minti goma, ta ce in zo ran Litinin.

Madam 'yar Fante ce, gajeriya, mai saurin tafiya, ta haura arba'in a lokacin. Ta yi karatu a ƙasar waje ta dawo, aka ba ta ɗaki guda a bayan wani asibiti, da tebur da benci biyu da kabad, da akwatin wasu 'yan katakai masu launi da take ba yara su jera tana kallo. Yaran da suka gagari kowa ake turo mata: wanda ya daina magana, wanda ya shekara uku a aji ɗaya, wanda ke gudu daga gida. A unguwarmu an riga an yanke cewa likitar mahaukata ce, har mahaifiyata ta riƙa turara mini kayan aiki kafin in fita. Hausar Madam ba ta wuce gaisuwa ba, ita ma a karkace, don haka da Turanci muke magana. Ba ta da yawan magana, kuma ban taɓa jin ta yabi kowa ba.

Abu guda ta koya mini a makon farko, shi ta ci gaba da koya mini har shekara shida. Ta ba ni littafin rubutu ta ce shafin hagu na abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji ne, shafin dama kuma na abin da nake zato. In na kawo mata, sai ta ɗora tafin hannu ta rufe na dama, ta karanta na hagu a tsanake. Idan na rubuta a hagu cewa yaro ya ji tsoro, sai ta ja layi ta tambaye ni wane launi ne tsoron, tunda na gan shi. Dole in gyara, in ce ya ɓuya bayan ƙofa, ya cusa yatsu a baki. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, ni da na riƙe aji guda cike da yara ba wanda ya taya ni. Na fi son fom ɗin da ta zo da su daga inda ta yi karatu, masu tambayoyi a jere da gurbin sa alama. In na riƙe su a hannu sai in ji ni ma ma'aikaciya ce.

Ina cikin wata na takwas mahaifiyar Madam ta rasu, ta tafi garinsu. Jana'izarsu ba irin tamu ba ce da ake gamawa kafin la'asar, ta ce za ta kai mako uku. Ta bar mini makulli, ta ce in ci gaba da ziyartar gidaje, amma kada takarda ko ɗaya ta fita daga ɗakin nan sai ta dawo.

Kwana biyu da tafiyarta wani jami'in walfiya, na ofishin jin daɗin jama'a, ya shigo. Ya ce akwai yarinya 'yar shekara huɗu daga unguwar Maamobi a kwance a ɗakin yara na asibitin, tukunyar koko ta zube mata daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Ƙunar tana warkewa, an kusa sallamarta, amma nas-nas sun kai ƙarar uwar. Kullum tana zuwa, sai dai ta zauna nesa da gado, ba ta taɓa yarinyar, ba ta kallonta. An tambaye ta sunan 'yarta, ta yi dariya ta rufe fuska, sai wata maƙwabciya ce ta faɗa. Suna zargin sakaci, wasu ma suna cewa wa ya sani ko da gangan ne. Yana son rahoto daga ofishinmu. In ya nuna uwar ba ta da kula, ba za a mayar mata da yarinyar ba, gidan renon yara za a kai ta, daga baya kwamiti ya zauna ya tabbatar. Na gaya masa Madam ba ta nan. Ya ce ai ya ji ni ce hannun damanta, kuma gado ake jira. Wannan kalma ta hannun dama ta ishe ni.

Sau uku na ga uwar, biyu a asibiti, ɗaya a gida. Ba ta fi shekara ashirin da ɗaya ba, doguwa ce, daga wani ƙauye na Nijar. Mijinta lebura ne a aikin tashar jiragen ruwa ta Tema, sai ran Asabar yake kwana a gida. Ɗakinsu guda ne a wani gidan haya da ke bayan babbar kwata, inda kowa ke girki a ƙofar ɗakinsa, kowa kuma yana ganin tukunyar kowa. Hausarta irin ta can ce, cikakkiya, wadda mu 'yan Zango kan kwaikwaya muna dariya a bayan ido, a gaban masu ita kuma mu ji kunyar tamu.

Na bi fom ɗina layi bayan layi. Ko uwa tana kiran yaro da sunansa? A'a. Ko tana kallon fuskarsa? A'a. Ko tana rungumarsa in ya yi kuka? Ban gani ba. Da na tambaye ta halin yarinyar, sai ta kalli bango ta ce, "Waccan? Mi za ni ce? Tana nan dai." Na sa alama. A shafin hagu, don sabo kawai, na rubuta cewa kitson yarinyar sabo ne duk zuwana, farcenta a yanke, layar wuyanta an sake mata fata, akwai kwanon fura a ƙarƙashin gado. A shafin dama na rubuta, da Turancin da nake ji da shi, cewa babu shaƙuwa tsakanin uwar da 'yarta. Na kwafe a takardar ofis, na sa hannu a madadin Madam, na miƙa. Ran Litinin aka ɗauki yarinyar daga asibiti aka kai gidan reno. Ba zan ɓoye ba, lafiya lau na ci abinci na yi barci a makon nan.

Madam ta dawo cikin baƙaƙen kaya, ta rame. Na ba ta labari ina tsaye, ina jiran in ji ko yau za ta ce na yi ƙoƙari. Ta karɓi littafin, ta rufe shafin dama. Ta tambaye ni wa ke yi wa yarinyar kitso. Na ce ban sani ba. Wa ya yanke farcen, wa ya kawo furar? Nan ma ban sani ba. Sannan ta tambaye ni, kamar mai tambayar hanya, ko na taɓa ganin wata mace a Zango da ba ta kiran sunan ɗanta.

Na ce da yawa ma. Na ce ai yarinyar 'yar fari ce. Na ce ko mahaifiyata, yayana yana da 'ya'ya uku yanzu, amma har yau "yayanku" take cewa, in ta matsu ta ce "wancan". Ina cikin faɗa na ji muryata tana yin ƙasa.

"To ina yake a nan?" in ji ta, ta ɗora yatsa a kan littafin.

Na ce ba ya cikin fom.

Gaskiya na faɗa, kuma ita ce abin kunyar. Na san al'adar nan kamar yadda na san hanyar gidanmu. Mace tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, kuma da an yaye shi akan kai shi wurin kaka ko gwaggo ya tashi a can. A wasu gidajen Zango abin ya yi sauƙi, amma wadda ta zo daga ƙauye kwanan nan da ƙarfinsa take riƙe da shi. Duk na sani. Sai dai a kaina akwai sanin gida, akwai sanin ofis, kuma na gida a cikin trotro, motar haya, nake barinsa kowace safiya in na sauka. Ban taɓa zaton abin da mahaifiyata ke yi zai iya zama a takarda ɗaya da abin da Turawa suka buga da inji ba. Akwai kuma abin da ban gaya wa Madam ba: ina raina baƙin da suka zo daga daji, ba na son a haɗa ni da su.

Madam ta jawo nata littafin, ta sa ni na zauna a kujerarta, ita ta koma benci. Kusan awa guda tana tambayata tana rubutawa. Har yaushe ake kunyar? Uban fa? Da me ake kiran yaron? Wa ke riƙe shi in babu kaka a kusa? Ban taɓa ganin babba mai digiri ya zauna yana ɗaukar karatu a bakina ba, kuma da a wata rana ce da na ji daɗi. Da muka gama na miƙe da zafina, na ce bari in je wurin jami'in nan in ce a sako yarinyar yau. Ta ce in zauna.

"Kin bayyana mini dalilin da ba ta kiran suna," in ji ta. "Ba ki bayyana mini yadda yarinya ta ƙone ba, ba ki kuma gaya mini wanda ke kula da ita ba. Rannan kin yanke hukunci da fom, yau za ki yanke da al'ada. Duk biyun ba ki duba ba."

Saura kwana tara kwamiti ya zauna. Ta ce in koma Maamobi ba tare da fom ba, in zauna har sai na ga wani abu. Maganar sa hannun da na yi kuwa, ta ce za mu yi ta daga baya. Da ta zage ni a ranar da ya fi mini sauƙi.

Uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni har da tambayar mutanen gida. Ba ta ambaci yarinyar ba. Wadda ta wanke ni tas ita ce wata tsohuwa 'yar Kotokoli mai sayar da koko, wadda ɗakinta ke kallon nasu. Ita ce maƙwabciyar da ta faɗi sunan a asibiti. Awura take ce mini, yadda ake kiran matan boko, kuma ba don girmamawa take faɗa ba.

"Awura, kai ne ya zo da takarda ya dauke yaro?" ta ce, da Hausarmu ta Zango. "Kai ba dan Musulmi ba ne? Uwanka bai koya maka komi ba?"

Na ce mata, Mma, na zo in ji ne. Ta ce da ma da farko na zo jin. Tukunyar tata ce, in ji ta. Ta sauke daga kan kurfoti, murhun gawayi, ta shiga ɗauko kwanuka, uwar tana layin famfo, yarinyar ta biyo ɗan akuya da gudu ta yi karo da tukunyar. Uwar ta ji ihu ta yar da bokiti, ta suri yarinyar ta yi titi da ita, ba takalmi ba ɗankwali, tana kuka. Duk gidan sun gani, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ambata, don kada a kunyata ta. Kitson asibiti kuma ita uwar ke yi. Takan ce za a kai yarinya fitsari, tsohuwa ta ɗauke ta, su zaga bayan ɗakin wanki inda ba kowa, uwar ta ɗora ta a cinya, tsohuwa tana tsaye tana gadi.

Wannan abin da aka gaya mini ne, ba abin da na gani ba, kuma na san abin da Madam za ta ce. Sai na tambayi wani tela Badagombe da ke ɗinki a zauren gidan, na tambayi matar mai gida da Ga, kowa dabam, labarin ya zo ɗaya. A rana ta uku na lura uwar tana fita da sassafe da kwano a rufe. Na roƙe ta in bi ta, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. A ƙafa take tafiya, kusan awa guda, har gidan renon. Ta miƙa wa mai gadi kwanon ta ce na wata yarinya ce mai ciwo a hannu. Ta tsallake titi ta tsaya ƙarƙashin wata darbejiya, har aka fito da yara tsakar gida shan hantsi. Ta tsaya tana kallo ta cikin shingen waya har aka mayar da su ciki, sannan ta karɓi kwanon jiya ta juya. Daga baya mai gadin ya gaya mini cewa ba a yarda da abincin waje ba. Shi yake cinyewa ya wanke kwanon, don ya kasa gaya mata.

Na shiga na ga yarinyar. Shugabar gidan mace ce mai tsafta da tsare aiki, ba muguwa ba ce, amma babu mai jin Hausa ko ɗaya a cikin ma'aikatanta. Ta ce yarinyar ba ta cin abinci, ba ta magana da kowa. Kitson ya warware, ba wanda ya iya irinsa, sai suka aske mata kai. Na yi mata magana da Hausa, ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ƙasa.

Kwamitin mutum biyar ne, a wani ɗaki a saman bene mai fanka, shugabansu wani tsohon hedimasta. Madam ce ta fara magana. Ta ce rahoton daga ofishinta ya fito, kuskure ne, kuma nata ne, domin ta ba ma'aikaciyarta ma'aunin da aka yi don wasu mutane dabam, ba ta tambaye ta ko ya dace da nata mutanen ba. Ba ta ambaci wanda ya sa hannu ba, ko da yake jami'in walfiyar yana zaune ya sani. Sannan ta ce in tashi in karanta abin da na gani, in bayyana al'adar, domin ni na san ta, ita jiya ta koya. Na yi. Hedimastan ya saurara har ƙarshe. Ya ce yana girmama al'adar kowa, amma yana son ya ji daga bakin matar cewa tana son 'yarta kuma tana son a mayar mata.

Aka shigo da ita, da mijinta wanda ya bar aiki ya zo, da tsohuwa mai koko. Na fassara mata tambayar. Ta ja mayafi ta kalli ƙasa. Aka juya ga mijin, shi ma kunyar tana kansa, ya kalli fanka. Jami'in walfiya ya fara rubutu. Na ji haushin uwar a lokacin, har na so in girgiza ta. Kalma ɗaya ce tsakaninta da 'yarta, ta ƙi faɗa.

Madam ta nemi izinin sake tambayar. Ta ce mini in tambaye ta me yarinyar ke ci. Na tambaya. Uwar ta yi magana tana kallon ƙasa.

"Ba ta cin kihi. Ko an ɓoye shi cikin miya tana ganewa, ta wuni da yunwa."

Madam ta ce in tambaye ta barci fa. Daga nan ba a ƙara tambayarta komai ba, ita ta ci gaba. Ba ta barci sai ta riƙe gefen zane a hannu. Tana tsoron agwagwa. In fitsari ya matse ta ba ta faɗa, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya. In zazzaɓi zai kama ta kunnenta ke fara zafi. Ba ta son a taɓa mata hannun ciwon daga sama, sai daga ƙasa. Duk wannan ba ta ce 'yata ba ko sau ɗaya, ita kawai take cewa. Ina fassarawa ina kallon shugabar gidan renon, wadda ta zo da niyyar a bar mata yarinyar. Can ta ɗaga hannu ta ce duk haka yake, kuma tun da aka kawo yarinyar dokunu, tuwon masarar can, da kifi suke ba ta. Hedimastan ya rufe fayil ya ce a mayar da yarinya ga uwarta.

Saura takardar sallama. Akawun ya ce ƙa'ida ce mai karɓar yaro ya faɗi sunansa da bakinsa kafin ya dangwala. Tsohuwa mai koko ta yi maza ta faɗa, ya ce ba ita ba. Madam ta yunƙura za ta tashi. Amma uwar ta ga alƙalami ya tsaya, ba ta jin Turanci, ta juyo ta tambaye ni mi ya rage. Na gaya mata. Ta faɗi sunan, sau ɗaya, a hankali, a gaban mijinta da baƙin maza. Ta dangwala, ta fita ta tsaya a kan matakala ta juya fuska ga bango, har aka kawo yarinyar tsohuwa ta goya ta.

Washegari Madam ta ce ni zan riƙa zuwa gidan duk wata har shekara ta cika, domin wanda ya rubuta rahoto shi ya kamata ya ga abin da ya biyo baya. Zuwana na farko, yarinyar tana ganin jakata ta shige ƙarƙashin gado, ba ta fito ba har na tafi. Na biyu ma haka, sai dai gashinta ya fara tsirowa. Na uku na tarar da kwado a ƙofa. Tsohuwa ta ce sun tafi gida Nijar, uwar da yarinyar, an sa su a mota a tashar Tudu.

Bayan wata biyu uwar ta dawo ita kaɗai. Ta bar yarinyar wurin kakarta. Ta shimfiɗa mini tabarma kamar kullum, ta kawo ruwa. Na tambaye ta me ya sa, tunda an riga an ba ta gaskiya. Ta ce, ba fushi a muryarta, "Can babu mai zuwa da takarda, Malama."

Da zan fita tsohuwa ta raka ni bakin kwata. A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Tun da aka yaye yarinyar dangin miji suka aiko a kawo ta, sau biyu. Uwar ta ce hanya da nisa. Suka sake aikowa, ta ce a bari damina ta wuce. Shekara biyu tana kawo uzuri, don tana son ta riƙe abarta, kuma nisan Accra ya rufa mata asiri.

Na koma ofis na tarar da Madam tana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa a kan tebur, abincin ranarta ke nan kullum. Na gaya mata duka. Ta ajiye ayabar. Na tsaya ina jiran ta ce ba laifina ba ne, tunda mun yi iya ƙoƙarinmu mun kuma ci nasara a kwamiti. Ba ta ce ba. Cewa ta yi in zauna in rubuta abin da ya faru daga farko har ƙarshe, har da sa hannun, in cire sunayen mutanen amma in bar nawa. Ta tambaye ni ko na yarda duk sabon ma'aikacin da za ta ɗauka ya karanta a makonsa na farko. Na ce na yarda. Mutum bakwai suka karanta a gabana, ina zaune a teburin gefe.

Ita ce ta matsa mini na sake zana jarrabawa, ta riƙa tsayar da ni bayan tashi aiki tana bi da ni littattafanta shafi-shafi, ta rubuta wasiƙun da suka kai ni jami'a. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, na koyar da wasu, kuma duk abin da na iya a cikinsa daga bencinta ya fara. Ina ƙaunarta, ban taɓa gaya mata ba, ita ma ba ta ba da fuskar a gaya mata irin wannan ba. Da ta rasu na je garinsu na zauna mako guda cikin baƙaƙen kaya, mutanenta suna tambayar juna ko ni wace ce.

Uwar yarinyar ta ci gaba da zama a Maamobi shekaru da yawa. Ta haifi wasu huɗu, nakan ji tana ƙwala musu kira da sunayensu a kasuwar Nima. Duk haɗuwarmu sai ta tsaya ta gaishe ni, ta tambayi mahaifiyata. Sau ɗaya, bayan shekara shida ko bakwai, na yi ƙarfin hali na tambaye ta labarin ta gida, wadda aka bari wurin kaka. Ta gyara kwandon da ke kanta ta ce, an ce ta yi tsawo.